Inda Ƙarfin Mai Iyo Yake Zurarewa

Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Haɗeja da la'asar, wajejen Ringim ko Auyo, ko a gefen dam ɗin Tiga inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, zai ga yara da samarin da ruwa ba ya ba su tsoro ko miskala zarratin. Suna diro daga kan gaɓa, suna kurme, suna tsere zuwa wancan ƙetaren. Ka tsaya ka kalli tseren da kyau. Kai a waje gaba ɗaya, yana lilo dama da hagu tare da kowane hannu. Ƙirji a tsaye, ƙugu da cinyoyi sun nutse kamar na mai hawa tsani, ƙafa tana dukan ruwa tim-tim har ana jiyowa daga gona. Mita talatin ɗin farko sai ka ce kifi. Kafin mita ɗari haki ya fara, a mita ɗari biyu kuwa yawancinsu sun juya rigingine suna neman numfashi. Waɗannan fa su ne yaran da ke wuni suna huɗa, suna tura kura cike da jarkoki a cikin yashi. Ƙarfi suna da shi, zuciya ma haka. Zurarewa yake yi ta kafofi huɗu ko biyar kamar tulun da ya tsage, kuma muddin ba a toshe kafofin ba, duk horon da aka ƙara musu wahala kawai aka ƙara.

Dalilin yana cikin halin ruwan kansa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka duk gaɓar da ta kauce daga layin jiki sai ruwa ya karɓi kuɗin fito a kanta. Mai iyo yana ƙona ƙarfin da ya kai kusan ninki huɗu na abin da mai gudu a ƙasa zai ƙona a tazara iri ɗaya, kuma a cikin abin da ya ƙona ɗin, wanda ke komawa tafiya gaba bai cika kaiwa kashi 10 cikin 100 ba. Sauran zafin jiki ne da kaɗa ruwa a banza. Sannan turjiyar ruwa ba ta ƙaruwa daidai wa daida da gudu, tsere masa take yi. In ka ƙara gudu da kashi 10, turjiya za ta ƙaru da kusan kashi 21, ƙarfin da za ka riƙa zubawa kowace daƙiƙa kuma ya ƙaru da kusan kashi 33. Shi ya sa rage turjiya ya fi ƙara ƙarfi araha nesa ba kusa ba.

Duniyar gasa ta ga shaidar haka da idonta. A 2008 da 2009 aka fito da wasu rigunan ninƙaya masu santsi kamar roba, masu matse jiki suna ɗaga ƙugu sama. A gasar duniya da aka yi a birnin Rum a 2009 kaɗai, sau 43 aka karya tarihin gudu na duniya. Babu wanda huhunsa ya ƙara girma a wannan shekarar, riga ce ta gyara kwanciyar jiki a ruwa. Daga Janairun 2010 hukumar ninƙaya ta duniya ta haramta su. Darasin a wurinmu mai sauƙi ne: wandon da yaro ya shiga ruwa da shi yana cikin lissafi. Buje ko gajeren wando mai aljihu yana kumbura ya cika da ruwa, ya zama kamar an ɗaura masa buhu a ƙugu. A nemi wando mai kama jiki marar aljihu, irin na 'yan keke da ake samu a gwanjo, mai igiya a ƙugu. Dokar gasa ta ce kayan namiji kada su haura cibiya, kada su gangara ƙasa da gwiwa, wato kusan iyakar da muka sani ta sutura. Mai kunya ya zo da jallabiyarsa har bakin ruwa, ya mayar da ita da ya fito.

Babbar kafa ita ce kai. Magabata sun ce iya ruwa fidda kai, kuma gaskiya suka faɗa, nufinsu ka tsira da ranka. Amma kan da ke bisa wuya, a gasa mayar da shi ruwa ake yi. Jikin mutum a ruwa kamar sikeli yake. Huhu, wanda shi ne gorar da ke ɗaga mu, yana ƙirji, nauyin jiki kuwa ya fi taruwa wajen ƙugu, don haka ko ba a yi komai ba ƙafafu neman ƙasa suke yi. Samarinmu marasa kitse, masu ƙashi da tsoka zalla, sun fi kowa fama da wannan, ga shi kuma ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar ruwan teku. Kan baligi ya kai kilo biyar ko kusa da haka. Ka ɗaga shi sama da ruwa, ka ɗora wa sikelin dutse ke nan: ƙugu zai ƙara nutsewa, jiki ya karkace, maimakon ruwa ya gamu da faɗin kafaɗu kawai sai ya gamu da ƙirji da ciki da cinya gaba ɗaya.

Gyaran shi ne ido ya kalli ƙasa, ɗan gaba kaɗan, ruwa ya yanka tsakiyar kai, ƙeya ta ɗan fito, wuya a sake. Sai a danna ƙirji cikin ruwa kaɗan, kamar mai jingina da buhun hatsi. Da ƙirji ya sauka ƙugu zai taso da kansa. Alamar an dace ita ce mai kallo daga gaɓa ya ga ƙeya, ya ga bayan wando, ya ga dunduniya suna leƙowa a layi ɗaya. Kafin a koya wa kowa sara, wato jan ruwa da hannu, a sa shi ya kwanta rub da ciki a ruwan da ya kai ƙirji, hannaye a miƙe gaba, fuska a ciki, ya ƙirga goma bai motsa ba. Sannan ya juya rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ya kwanta minti biyu yana numfashi a hankali. Wannan kwanciya ta biyu ta fi gasa muhimmanci. Wanda ya tuna hatsarin jirgin da ya kife a dam ɗin Watari ta Ɓagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya da dama suka rasu, Allah Ya ji ƙansu, ya san darajar yaro ya iya zama a saman ruwa ba tare da ya ƙarar da ƙarfinsa ba.

Abin da ke sa yaro ɗaga kai shi ne numfashi, don haka ba a gyara ɗaya a bar ɗaya. Yawancin masu iyon gargajiya riƙe numfashi suke yi in fuska ta shiga ruwa, sai an ɗago a fesar a shaƙa a lokaci guda. Lokacin bai isa ba. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita sai ta taru a jini, kuma ita ce ke kawo jin shaƙewar nan da firgici, tun kafin oksijin ya yi ƙaranci. Ƙa'idar ita ce fuska na shiga ruwa a fara fitar da iska ta hanci da baki, a hankali, ba yankewa, kumfa na tashi ta gefen kunne. In lokacin shaƙa ya zo, huhu ya riga ya yi wuri, shaƙa kawai ta rage. Kan kuma juya shi ake yi tare da kafaɗa, ba a ɗaga shi. Ido ɗaya da kunne ɗaya su zauna a ruwa. Tafiyar kai tana tura ruwa gaba ta bar ɗan kwari daidai kumatu, a cikin kwarin nan baki ke samun iska, a ɗan karkace shi kamar mai tauna goro a gefe ɗaya. A fara koyon wannan a tsaye, ruwa iya ƙugu, a sunkuya, hannaye a gwiwa: fesa ƙirga uku, juya, shaƙa, koma. Sau ashirin ta dama, sau ashirin ta hagu, kullum, har sati biyu. A tsere mai nisa a shaƙa duk bayan sara biyu, kada a yi rowar iska. A horo dai a riƙa sauya gefe, don kada kafaɗa ɗaya ta ɗauke aikin.

Sai ƙafa, wadda ita ce ɓarauniyar da ba a zargi. Tsokar cinya tana cikin mafiya girma a jiki, ita ta fi cin oksijin, amma a iyon rub da ciki mai musayar hannu, wanda 'yan gasa ke kira firistayil, abin da ƙafa ke bayarwa na tafiya gaba bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Tim-tim ɗin nan mai daɗin ji, rabinsa iska ake duka. Bugun ƙafa daga ƙugu yake tasowa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai, yatsu a miƙe baya suna ɗan kallon juna, faɗin bugun kada ya wuce kaurin jiki, dunduniya ta taɓa saman ruwa ba ta fito sarari ba. Matsalar da aka fi gani a wajen manoma da 'yan ƙwallo ita ce idon sawu mai tauri. Ƙafar da ta tsaya a lanƙwashe kamar fartanya birki ce, har akwai wanda in ya riƙe jarka yana bugun ƙafa kawai, baya zai riƙa yi. Maganinsa zama a kan dugadugai, bayan ƙafafu biyu shimfiɗe a tabarma, minti ɗaya zuwa biyu, sau uku a rana. Cikin wata biyu ake ganin bambanci.

Mai tseren mita 50 ko 100 yana bugun ƙafa shida a kowane zagayen hannu biyu, saboda tseren zai ƙare kafin bashin gajiya ya zo. Mai dogon zango yakan wadatu da biyu: hannun dama na shiga ruwa ƙafar hagu ta buga ƙasa sau ɗaya, hannun hagu na shiga ta dama ta buga. Aikinta a nan juya ƙugu da riƙe jiki a sama, ba tura shi ba. Sai a ajiye shidan don mita hamsin na ƙarshe.

Hannu shi ne injin, kuma a nan ma sunan da muke kiran abin yana yaudara. Muna cewa sara, amma ruwa ba itace ba ne. Yatsu su fara shiga, a gaban kafaɗarsu, ba tsakiyar kai ba. Hannun da ya tsallaka layin tsakiya yana sa jiki tafiyar maciji, kuma shi da shigar da babban yatsa farko su ne ke kawo ciwon kafaɗa bayan 'yan watanni. Hannu ya miƙe gaba a ƙarƙashin ruwa kamar taƙi ɗaya, jiki ya mirgina gefen nan kusan digiri 30 zuwa 45. Daga nan sai wurin da ake cin riba ko a yi asara. Yawancin mutane danna ruwa ƙasa suke yi da hannu a miƙe, abin da ke ɗaga kai ya nutsar da ƙugu, bai kai su ko'ina ba. Daidai shi ne gwiwar hannu ta tsaya sama kusa da fuskar ruwa, yatsu su sunkuya su kalli ƙasa, kamar mai rungumar duro ta sama, har tafi da sangalin hannu su zama filafili guda mai kallon baya. Sannan a ja, a hankali da farko, ana ƙara sauri har tafi ya wuce ƙugu. In an yi daidai, gajiyar ba a kafaɗa za a ji ta ba, a naman gefen baya ne ƙarƙashin hammata, wanda ke aiki in ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Yatsu a sake su, da 'yar tazara kaɗan, kada a matse su kamar ludayi. Don jiki ya gane aikin sangali, a yi mita 25 da hannu a dunƙule, a buɗe a dawo, sau shida.

Sauran salon gasa uku duk sun fi wannan tsada. Iyon rigingine ne ke biye masa a sauƙi. Iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi kuwa gudu ne da tsayawa, gudu da tsayawa, kuma duk mai tura kura ya san tayar da ita daga tsaye ya fi riƙe ta tana gangarawa wuya. Shi ya sa duk wata gasa mai nisa da firistayil ake yin ta.

Duk wannan magana ce kawai in ba a auna ba, kuma awon ba ya buƙatar kwamin ninƙaya na siminti. A sami wuri mai ƙasan yashi, ruwa iya ƙirji, marar ja. A kafa turaku biyu, mita 25 cif tsakaninsu, a layi ɗaya da gaɓa, ba a nufi tsakiyar ruwa ba. A ɗaura igiya tsakaninsu, a jera mata gorunan roba marasa komai duk bayan mita biyu don ta taso. Mutum ɗaya ya tsaya a gaɓa da agogon waya da littafi, wani kuma da tubun mota ɗaure da doguwar igiya, wanda ba shi da aikin komai sai kallon ruwa. In na biyun nan bai zo ba, ranar babu horo. A nisanci bakin ƙofofin dam, da manyan hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa da Kura inda ruwa ke shigewa ƙarƙashin titi, da kogi a Agusta da Satumba lokacin da ya kawo.

Awo na farko: a ƙirga sara nawa aka yi a mita 25, kowane hannu ɗaya, a haɗa da daƙiƙun da aka ci. Wanda ya yi sara 26 cikin daƙiƙa 30 yana da 56. Bayan wata ɗaya na gyaran kai da numfashi, in ya dawo sara 22 cikin daƙiƙa 28, ya sauko 50, kuma zai ce maka bai ji gajiya kamar da ba. Amma akwai tarko. Wani zai ji an ce a rage sara sai ya riƙa miƙa hannu yana jira, ya yi 18 cikin daƙiƙa 36. Ya samu 54, ya koma baya ke nan, domin a kowane jira kurar tsayawa take yi. Gudu shi ne tsawon sara haɗe da yawansa a minti, ba a sayar da ɗaya don a sayi ɗaya. Babban amfanin ƙirgar a cikin horo shi ne, in adadin mutum ya haura da uku ko huɗu sama da yadda ya fara, salonsa ya rushe. Abin da zai ci gaba da yi daga nan koyon kuskure ne, gara ya huta.

Awo na biyu shi ne na gudun riƙo, wato mafi saurin gudun da mutum zai iya riƙewa na tsawon lokaci ba tare da tsoka ta yi tsami ta ɗaure ba. Bayan ɗumama jiki, a yi mita 400 iya ƙarfi, wato zuwa da dawowa sau takwas. A huta minti goma ko fi, a yi mita 200 iya ƙarfi. A cire lokacin na biyu daga na farko, a raba biyu. Misali, 400 cikin minti 7 da daƙiƙa 20, daƙiƙa 440 ke nan. 200 cikin minti 3 da rabi, 210. Saura 230, rabinsa 115. Gudun riƙon wannan yaro minti 1 da daƙiƙa 55 ne a kowace mita 100. A kan wannan lamba ake gina komai, a sake aunawa duk bayan sati shida.

Jiki rumbu uku gare shi. Na farko ɗan ƙarami ne a cikin tsoka, yana ba da ƙarfi nan take amma cikin daƙiƙa goma ya ƙare. Na biyu yana ƙona sukari ba tare da jiran oksijin ba, yana kai mutum minti ɗaya zuwa biyu, sai dai bashi ne, kuma biyansa shi ne nauyin hannun nan da ƙunar cinya. Na uku mai aiki da oksijin ne, ba shi da gaggawa amma yana kai awanni. Mai juriya shi ne wanda ya faɗaɗa na ukun, ya kuma san yadda zai hana kansa taɓa na biyu da wuri. Ɗauki samari biyu da suka gama mita 400 cikin minti takwas. Ɗaya ya yi minti biyu-biyu sau huɗu. Ɗayan ya fita da 1:40, sai 1:55, sai 2:10, ya ƙare da 2:15 yana jan jiki. A ɗarin farko na biyun ya fi na farkon gudu da kashi 20, abin da ke nufin ya riƙa zuba ƙarfin da ya fi nasa da kusan kashi 70. Lokacinsu ɗaya, amma na farko ya fito da saura a jikinsa, wanda da ya san da shi da ya rage daƙiƙa goma. Bobby Finke na Amurka, da ya kafa tarihin mita 1500 a gasar Olamfik ta Paris a 2024 da minti 14 da daƙiƙa 30.67, in ka raba za ka ga kusan daƙiƙa 58 ne kowace ɗari, sau goma sha biyar a jere. Kuma kada a ce abin na Turawa ne. Oussama Mellouli ɗan Tunisiya ya ci zinaren mita 1500 a Beijin a 2008, ya ci na kilomita 10 a Landan a 2012. Ɗan ƙasarsu Ahmed Hafnaoui ya ci na mita 400 a Tokiyo a 2021 yana da shekara 18, daga layi na takwas, layin wanda ya shiga zagayen ƙarshe da ƙyar.

Ga mai gudun riƙo 1:55, kwana huɗu a sati ya isa. Asabar ya yi mita 200 sau shida a kan 2:05 zuwa 2:10 kowace ɗari, hutun daƙiƙa 30 tsakani. Zai ce ya yi sauƙi, a bar shi ya yi sauƙin, domin a irin wannan gudun ne zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa, ƙananan jijiyoyin jini kuma su yawaita a tsoka. Litinin gyaran salo zalla, mita 25 sau goma sha shida zuwa ashirin, ana ƙirga sara. Laraba ce rana mai zafi: mita 100 sau goma a kan 1:55 daidai, hutun daƙiƙa 15, kuma na goma ya zo daidai da na farko. In na farko ya zo 1:45 an ɓata zaman. Alhamis tafiya ɗaya ba tsayawa, a fara da mita 600 a riƙa ƙarawa har 1500, a rufe da mita 25 sau shida iya gudu da hutun minti ɗaya. Kashi uku cikin huɗu na duk mitocin sati su kasance masu sauƙi. A tabbatar da haka da bugun jini: yatsa biyu a gefen wuya da an tsaya, a ƙirga na daƙiƙa goma. Ga matashi, 22 zuwa 25 sauƙi ne, 27 zuwa 29 gudun riƙo ne. Kada ƙarin sati ya wuce kashi 10, kuma kowane sati na huɗu a rage kaya. Ranar da ba a shiga ruwa, a yanko robar tubu a ɗaura a bishiya, a sunkuya a ja ta baya da gwiwar hannu a sama, talatin sau uku.

Abinci ba sai an sayo na kanti ba. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yana kai kamar awa ɗaya da rabi na aiki mai ƙarfi. Awa biyu zuwa uku kafin horo a ci mai sitaci marar maiƙo da yawa: kunu, shinkafa, dankalin Hausa, ɗumame. In zaman zai wuce awa ɗaya, a ajiye dabino shida zuwa goma a gaɓa. Bayan an fito, cikin awa ɗaya, fura da nono ta haɗa duk abin da ake nema, in an samu ƙosai ko kifi ko ƙuli-ƙuli a ƙara. Mutum yana gumi a cikin ruwa bai sani ba. Wanda ke da sikeli ya hau kafin da bayan horo, kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta fita. A zo da ruwan sha daga gida, a lokacin bazara a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya. In sha-raɓa ta ɗaure a ruwa, a juya rigingine, a kamo yatsun ƙafa a jawo su wajen ƙauri, a kira mai tubu.

Akwai kafar da ba ta cikin littattafan masu horarwa na ƙasashen waje amma a nan ita ce ta fi cin juriya: tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa mai kwanciya da ciyawa, gefen ciyawar kacala da bakin hanyoyin ban-ruwa, ta shiga ta fata ba a ji ba. Jinin da yaro ke zubarwa a ƙarshen fitsari, wanda wasu har yau suke ɗauka alamar girma ce, shi ne jinin da zai kai oksijin tsoka. Haɗa shi da zazzaɓin cizon sauro, sai ka ga yaro salonsa ya yi kyau amma lambarsa ta ƙi motsi, bugun zuciyarsa na hawa a gudu mai sauƙi, cikin fatar idonsa fari fat. Wannan asibiti zai je, a auna fitsari da jini. Maganin farazikwantel ne, wanda ake rabawa a makarantu lokaci-lokaci, ma'aikacin lafiya ke ƙayyade shi gwargwadon nauyi ko tsayi, kuma bayan an ci abinci ake sha. Ba ya hana sake kamuwa, don haka duk mai horo a tafki ya riƙa zuwa awo a kai a kai. Ƙwayoyin sun fi fitowa da tsakar rana, daga hantsi zuwa bayan azahar. Horon sassafe a wuri mai yashi marar ciyawa yana rage haɗarin, bai kawar da shi ba.

Zafin ruwa ma yana da nasa rabon. A kwamin gasa doka ta ajiye shi tsakanin digiri 25 da 28. A gasar fili kuwa, wato ta tafki ko kogi ko teku, ba a yarda ya haura 31 ba, dokar da ta biyo bayan rasuwar Fran Crippen ɗan Amurka a tseren kilomita 10 cikin ruwa mai zafi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2010. Kududdufi marar zurfi a Afrilu da Mayu yana iya wuce wannan da la'asar, don haka aiki mai ƙarfi a yi shi bayan asuba da gari ya waye. Da hunturu abin juyawa yake yi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma siririn yaro ne ke fara karkarwa. A Disamba da Janairu a rage zaman zuwa minti ashirin ko talatin, a taƙaita hutu, a tanadi bargo da shayi. Wanda haƙoransa suka fara kaɗawa ko maganarsa ta fara sarƙewa ya fito nan take. Da azumi a sauke kaya gaba ɗaya a koma kan roba da miƙa gaɓoɓi, domin ba a shiga tafki da dare.

Abu biyu ne ba na yi wa sassauci. Na farko gasar daɗewa a kurme bayan an yi ta jan numfashi da sauri. Jan numfashin yana kore iskar da ke gargaɗin mutum ya taso, bai ƙara oksijin ɗin kirki ba, sai ya suma a ƙasa shiru, ba ihu ba fafutuka, kuma gwanaye ne suka fi faɗa wa wannan. Na biyu ƙwaya. Taramol ba ya ƙara juriya, ɓoye gajiya yake yi, yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda a ruwa ajali ce. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ma ta haramta shi a gasa tun daga Janairun 2024.

Wanda ya yi wata shida a kan wannan tsari, lambarsa ta sauka, har aka kira shi gwajin jiha ko Gasar Wasanni ta Ƙasa, zai tarar da abu ɗaya da tafki bai koya masa ba, wato bango. Ban da diron farko, lokacin da mutum ya fi gudu a duk tseren shi ne daƙiƙun da ke biye da ture bango, kuma kusan kyauta ne. Tafi bisa tafi, damatsa sun matse kunnuwa, ciki a ɗaure, a tafi kamar rabin mita ƙarƙashin ruwa inda igiyar saman ba ta riƙe jiki. Doka ta ce kai ya fito kafin mita 15, mai dogon zango ma biyar zuwa bakwai sun ishe shi. A mita 1500 cikin kwami mai mita 50 juyi 29 ne, rabin daƙiƙa a kowanne ya haura daƙiƙa 14. Sati biyu kafin gasa a rage yawan mitoci da kusan rabi, a bar saurin yadda yake. A yi ƙoƙari a isa garin da kwana biyu ko uku a shiga kwamin, da tabaran ruwa, domin wanda ya saba da ruwan da ba ya ganin tafinsa yakan rikice ranar da ya fara ganin ƙasa tar. Baƙin layin da ke shimfiɗe a ƙasan kowane layi shi zai bi, ba sai ya ɗaga kai neman hanya ba. Inda layin ya ƙare da ɗan gicciye, saura mita biyu a kai bango, sara ɗaya ko biyu ke nan sai juyi.